Gidaje Biyu na Gasar Fiziks

Mu da muke horar da 'yan sakandare domin gasar fiziks gida biyu muka gada, kuma har yau in mun haɗu sai mun taɓa gardama kan wanda ya fi.

Na farko shi ne Olamfiyad. A Warsaw aka soma shi a 1967, da ƙasashe biyar kacal: Poland, Bulgeriya, Hungary, Romaniya da Chekoslobakiya. Gasar Olamfiyad ta lissafi ta girme shi da shekara takwas, amma ita takarda da biro sun ishe ta. Fiziks kuwa tun ranar farko da gwajin hannu ta zo, kuma nan tsadar take: dole mai masauki ya tanadar wa kowane yaro kayan aiki iri ɗaya, don kada a ce an fifita wani. A 1973 da 1978 da 1980 ba a yi gasar ba sam, don an rasa ƙasar da za ta ɗauki nauyi. Sai a 1982 Jamus ta Yamma ta karɓi baƙuncinta, karo na farko a wajen ƙasashen gurguzu. Tsarin yau awa biyar ne na tambayoyin takarda, maki 30, da awa biyar na gwaji, maki 20. Yaro shi kaɗai a keɓe, ga akwatin kaya a gabansa, amsar kuma tana aljihun alƙalai.

Gida na biyu, wanda zuciyata ta fi karkata gare shi, wani masanin fiziks na Jami'ar Mosko, Evgeny Yunosov, ya kafa shi a 1979 domin makarantun birnin. A 1988 ya zama na ƙasa da ƙasa, wato IYPT, a 1994 kuma ya fita daga Rasha zuwa Groningen ta ƙasar Holan. Yunosov ya juya abin gaba ɗaya. Tambayoyi 17 ake fitarwa kusan shekara guda kafin gasa, kowa ya gani, babu wata amsa da aka ɓoye. Ɗalibai biyar-biyar za su yi watanni suna gwaji, sannan a zo a kara. Ƙungiya ɗaya ta zaɓi tambaya ta ƙalubalanci wata. Wadda aka ƙalubalanta ta gabatar da aikinta cikin minti 12. Mai ƙalubale ta tashi ta tone shi. Ta uku ta auna su duka biyun. Alƙalai su ɗaga maki daga 1 zuwa 10, a ninka na mai gabatarwa sau uku, na mai suka sau biyu.

A 2013 an tambayi dalilin da ya sa zuma, in aka tsiyayo ta siririya daga sama, take naɗewa zobe-zobe a inda ta sauka. Kayan aikin kwalba ne da ma'auni da kyamarar waya. Yaro zai ɗauki bidiyo, ya rage masa gudu, ya ƙirga zobe nawa a daƙiƙa, ya ƙara tsayi ya sake. Ya zo da zanensa yana murna, sai abokin karawa ya ce, “Zafin ɗakin nawa ne lokacin da ka auna?” Duk wanda ya taɓa zuba zuma da sanyin hunturu, ya kuma zuba ta da azahar a bazara, ya san an kama shi. Irin wannan tambayar ce Singafo ta ƙware wajen tsammaninta, ta yi ta kwashe kofin a shekarun 2010.

A Najeriya Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ce ke tace 'yan Olamfiyad, kulab ɗin kimiyya na JETS kuma sun daɗe a makarantu. Sai dai yawancin yaranmu firaktikal ɗin WAEC ne farkon haɗuwarsu da kayan gwaji. A aiko wa makaranta jerin kaya, malam ya hango tambayar, yara su yi lilo da ɗan ƙarfe a zare, in lambobin sun ƙi hawa layi a gyara su har su hau. Wanda aka raina a haka, wata na farko a horon gasa ba fiziks muke koya masa ba. Fama muke ya rubuta abin da agogo ya nuna, ko da ya saɓa wa littafi, ya kuma sake aunawa sau goma kafin ya buɗe baki.