Daga Kwalin Dynaco Zuwa Ledar Kasuwa: Tarihin Haɗa Firiyam da Hannu

Duk wanda ya daɗe yana riƙe da ƙarfen narka dalma ya san cewa firiyam, duk da ƙanƙantarta, ta fi babbar amfilifaya wuyar sha'ani. Babbar, ƙarfi kawai take bayarwa don tura lasifika. Ƙaramar kuwa ita ke karɓar sauti tun yana ɗanye. Allurar garmaho ba ta fitar da abin da ya wuce kimanin milibolt 5, sai an ninka shi wajen sau 100 kafin ya amfanu, kuma duk abin da ya biyo shi, gurnanin taransifoma ne ko tsakin wayar da ba ta kamu ba, shi ma sau 100 za a ninka. Shi ya sa a wurinmu firiyam ce ke tona asirin hannu.

A Amurka sana'ar ta fara tashe, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kayan lantarkin da sojoji suka rage suka cika kasuwa a banza. Kamfanin Heath na garin Benton Harbor, a jihar Michigan, ya sayi tarin irin waɗannan kaya, kuma a 1947 ya fitar da na'urar awon lantarki a warwatse cikin kwali, mai saye ya haɗa da kansa, kan dala 39.50. Lissafin a fili yake: a zamanin da hannu ake ɗaura kowace waya, ladan ma'aikaci ya cinye kaso mai tsoka na farashi. In ka yi aikin da kanka, kuɗin ya zauna a aljihunka.

A Ingila ta mujalla aka bi. Wireless World ta buga zanen amfilifayar Williamson a 1947, sannan a 1952 ta buga dabarar Peter Baxandall ta daidaita kaurin sauti da siririnsa. Maɓallan bes da tirebul da ladan ke murzawa a amfilifayar masallaci, galibinsu jikokin dabarar Baxandall ne.

Abubuwa biyu suka mayar da firiyam na'ura mai zaman kanta. Ana yanka faifai ne da rage bes da ƙara tirebul, don waƙa ta samu wuri kuma a danne ƙara. Aikin firiyam ne ta mayar da komai daidai. Da can kowane kamfanin faifai da nasa ma'auni, sai a 1954 aka tsayar da ma'aunin RIAA. Sai kuma faifan sitiriyo ya shigo kasuwa a 1958, kowa ya buƙaci hanya biyu maimakon ɗaya.

Nan David Hafler ya shigo. Ya kafa Dynaco a Philadelphia a 1955 tare da Ed Laurent, kuma a 1960 suka fitar da PAS-2, firiyam mai bawul 12AX7 guda huɗu, daga baya PAS-3 ta biyo. Hikimar Hafler ita ce ya san inda sabon shiga yake faɗuwa. Saboda haka allunan da ke ɗauke da ƙananan kaya a haɗe suke zuwa daga masana'anta, an riga an gwada su. Naka shi ne ɗaura taransifoma, soket-soket, da maɓallin zaɓen hanya mai tarin ƙafafu, wanda shi ke cinye yawancin lokaci. Wutar da ke ɗumama bawul ma an tace ta, an mayar da ita miƙaƙƙiya, don kada gurnanin wutar gida ya kutsa cikin sauti.

Amma a ganina ba kayan ne ainihin abin da Heath da Dynaco suka sayar ba. Littafin da ke cikin kwalin ne. Kowane mataki da layinsa, da gurbin da za ka sa alama in ka gama. Zai ce ka yanko jar waya mai tsawo kaza, ka fere bakinta, ka kai ƙafa ta kaza, kada ka sa dalma tukuna don akwai wata waya da ke tafe. In lokacin liƙewa ya yi, littafin Heath har adadin wayoyin da ya kamata ka gani a wurin yake faɗa maka, don in ka tsallake ɗaya ka gane nan take. Akwai gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa wanda ya yi aiki da dalmar masu gyaran famfo, mai ruwan asid, ya zubar da garantinsa. Ga kuma cikakken zanen na'urar da ƙimar kowane abu. Mutumin da bai taɓa shiga ajin lantarki ba yakan gama haɗawa ya san cikin na'urarsa lungu-lungu. Albarkacin wannan littafi ne har yau ake ɗauko PAS mai shekara 60, a canja mata kafasito da tsohuwar rektifayar seleniyam, ta ci gaba da waƙa.

Faɗuwar kasuwar kayan kwali ba ta ɗauki lokaci ba. Taransista ta zo, Dynaco ta bi da PAT-4 a 1967, amma masana'antun Japan sun soma haɗa kaya da inji a farashin da kwali ba zai iya karawa da shi ba. Hafler ya sake gwadawa da sabon kamfani a 1977, ya fitar da firiyam DH-101. Dynaco ta rufe a 1980. Faifan CD ya zo a 1982 da ƙarfin bolt 2, wanda ba ya buƙatar ninki. A 1992 Heath ta daina sayar da kayan haɗi.

Mu a nan ba ta kwali akasarinmu muka koya ba. A bencin mai gyaran rediyo muka koya, da kayan da aka ciro daga matattun na'urori, da aisi irin 4558 a gaba, LA4440 ko TDA2030 a baya. Oga shi ne littafin: ya nuna maka a tattara wayoyin ƙasa wuri guda, a nesanta taransifoma daga mashigar sauti, a sa waya mai sulke ga makirufo.

Yanzu kayan haɗi sun dawo, ta intanet, akasari daga Sin: allo, aisi NE5532 ko TL072, da 'yan resista a leda, a kuɗi kaɗan. Ina murna da arahar, don yaro mai sha'awa zai iya saye. Abin da ke damuna shi ne sau da yawa ledar ba ta zuwa da ko takarda ɗaya, kuma jabun aisi sun yi yawa. Yaro zai bi rubutun kan allo ya liƙa komai, in na'urar ta yi gurnani bai san inda zai sa mita ba. Don haka duk almajirin da ya kawo mini irin wannan leda, kafin ya kunna ƙarfen dalma sai ya bi layukan allon ɗaya bayan ɗaya, ya zana su a takarda, ya auna kowace resista ya rubuta ƙimarta a gefe.