Tseren Taurari 120

Ga labarin wani tseren da ba a yin shi da doki ko raƙumi.

A shekarar 1996 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da wasan Super Mario 64. A talabijin ake buga shi. Mai wasa yana sa wani ɗan mutum, Mario, ya yi gudu, ya yi tsalle, yana tara taurari. Taurarin 120 ne, amma 70 sun isa a kai ƙarshe.

Da wasan ya bazu, sai aka soma gasa: wa zai riga gamawa? Can sai wasu suka gano kuskure cikin wasan. In Mario ya yi ta tsalle da baya bisa matakala, yakan ratsa ƙofa tana rufe. Da irin waɗannan dabaru aka gama da taurari 16, daga baya ma babu ko ɗaya.

To, mai yanke hanya da mai bin hanya duka, ana gwada su? Shi ya sa aka raba tseren. A na 70 an hana tsallen baya. A na 120 an yarda da shi, don ba ya rage maka tauraro ko ɗaya. Sharaɗi shi ne ka tara duka, sannan ka ka da dodon ƙarshe, Bowser. Agogo ba ya tsayawa sai an gama. Kuma dole a ɗauki bidiyon wasan tun daga farko, don an taɓa kama masu harhaɗa guntaye su ce zama guda ne.

Gwanaye sukan gama 120 cikin awa ɗaya da rabi da ƴan mintoci.