Yadda Wayar Birkin Keke Ta Shige Cikin Ƙarfe

Duk wanda ya girma a Damagaram kafin babura su cika gari ya san keke da birkinsa a fili. Wasu siraran sanduna ne na ƙarfe masu ƙyalli, suna saukowa daga kan keke, ɗaya ta tsaya a ƙafar gaba, ɗayar ta bi gangar jiki har ƙafar baya. Ka matse hannun birki, ka ga kowace gaɓa tana motsi. Yanzu kuwa, cikin kekunan gwanjo da ake saukewa a kasuwanninmu, akwai waɗanda wayar birkinsu ke shiga wani ɗan rami kusa da wuya, ba ka sake ganinta sai ta leƙo can baya. Shekara fiye da ɗari aka yi ana wannan tafiya, kuma mai gyaran keke ne ya fi kowa jin ta a jikinsa.

Keke irin wanda muka sani, mai ƙafa biyu kusan daidai wa daida da sarƙa a baya, ya fito ne a 1885 a garin Coventry na Ingila, daga hannun John Kemp Starley. A 1888 John Dunlop ya kawo taya mai iska, kuma a shekarun nan ne Frank Bowden ya sayi wani ɗan shagon ƙera kekuna a Nottingham ya mai da shi kamfanin Raleigh. A lokacin Damagaram tana tsakiyar ƙarfinta. Ba a daɗe da rasuwar Sarki Tanimun ba, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, maƙeransa kuma suka yi suna wajen zuba igwa. Faransawa sun ci garin a 1899, ya zama hedikwatar mulkinsu daga 1911 har 1926 da aka koma Yamai. A 1911 ɗin ne jirgin ƙasa ya iso Kano, kayan Turai suka riƙa hawowa arewa, gyaɗar Damagaram tana gangarawa kudu. Ta wannan hanya da kantunan kamfanonin Turawa keke ya samu shiga, ya zama abin hawan malaman lakwal da ma'aikata da 'yan kasuwa. Raleigh ya yi suna har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka zo da irin wannan ƙira a farashi mai sauƙi.

Birkin sanda ya dace da ƙasarmu saboda ba shi da sirri. Rairayi ba ya toshe shi, rana ba ta cin sa. In sanda ta lanƙwashe, a ɗora ta kan dutse a miƙe ta da guduma. In ta karye, mai walda ya haɗa, ko maƙeri ya buga wata. In roba ta cinye, a yanko guntun tsohuwar tayar mota a ɗaura. Amma yana da nasa aibin. Yana da nauyi, gaɓoɓinsa suna saki har su riƙa ƙara, ba ya kamu sosai da damina, sannan sanda ba ta iya bin kwana, don haka dole a ƙera kan keke da gangar jikinsa yadda za su ba ta hanya.

Maganin wannan ya samu tun 1896, lokacin da wani ɗan ƙasar Ayalan, Ernest Monnington Bowden, ya yi rajistar wata dabara. Sunansu ɗaya da mai kamfanin Raleigh, har mutane da yawa suna ɗauka mutum ɗaya ne. Dabarar ita ce a murɗa siraran wayoyin ƙarfe su zama igiya ɗaya, a zura ta cikin wata riga da aka yi da ƙarfe naɗaɗɗe. Rigar tana lanƙwasuwa ta kowace fuska, amma ba ta matsuwa ta tsawo. In aka tokare bakunanta biyu, duk jan da aka yi wa wayar a wannan kai zai isa wancan kai, komai yawan kwanar da ta bi. Ita ce wayar da ke jan kuloci da totur a babur har yau.

Da waya ta samu, giya ta samu hanya. A 1902 aka fito da giyar Sturmey-Archer mai hawa uku a cikin cibiyar ƙafar baya. Faransawa kuma suka dage kan giyar da ke ɗauke sarƙa daga wannan haƙori zuwa wancan, wadda gasar Tour de France ta amince da ita a 1937. Kamfanin Campagnolo na Italiya ya fito da tasa mai suna Gran Sport a farkon shekarun 1950. Ta haka keken tsere ya wayi gari da wayoyi huɗu, biyu na birki, biyu na giya, duk a waje, an ɗaure su a jikin ƙarfe da ƙananan maɗauri.

Waɗanda suka fara yin suna wajen ɓoye su ƙwararrun maƙera ne na bayan birnin Faris, irin su René Herse da Alex Singer, a shekarun 1940. Kekuna suke ƙerawa ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon tsawon mai saye. Sukan huda bututun firam, su zura wani siririn bututu a ciki, su liƙe bakunansa da walda, yadda waya za ta shiga nan ta fita can ba tare da ta ɓace ba. Abin da suke nema shi ne kyan gani, da kare waya daga ruwa da taɓo, da hana ta kama tufar mahayi. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, shi ya sa ya daɗe bai fita daga hannun masu hali ba.

Tsere ne ya fitar da shi. Mai gudu da keke, da ya wuce wani mizani, mafi yawan ƙarfinsa wajen tsaga iska yake tafiya. A farkon shekarun 1980 kamfanin Shimano na Japan ya fito da hannun birki da wayarsa ke bi ƙarƙashin naɗin kan keke maimakon ta yi tsiri sama. A 1989 Greg LeMond ɗan Amurka ya doke Laurent Fignon a Tour de France da daƙiƙa 8 kacal bayan tseren mako uku, yana kwance kan wani sabon kai mai rage tokarar iska. Daga nan kamfanoni suka shiga farautar duk abin da ya leƙo waje. Maƙerin keke Gary Klein a Amurka ya riƙa zura wayoyi cikin faffaɗan bututun alminiyam. Da aka koma zuba firam da zaren kabon a cikin mazubi, barin rami ya zama abu mai sauƙi. Shimano ya kawo giya mai aiki da batir a 2009, kamfanin SRAM ya kawo marar waya gaba ɗaya a 2015. Abin da ya rage a manyan kekunan tsere shi ne tiyon man birki, shi ma yanzu ta cikin kai da wuya yake bi.

Abin da aka yi wa gwanayen tsere bai tsaya a kansu ba. Masu ƙera kekuna masu araha sun kwaikwayi kamannin, domin keke marar waya a waje ya fi shiga ido a kanti. Sai dai da yawansu sun huda ramin ne kawai, ba su sa bututun da zai yi wa waya jagora ba. Tun bayan karya darajar sefa a Janairun 1994 sabon kaya ya yi wa talaka tsada, gwanjon Turai da Asiya ya ƙara samun kasuwa ta tashoshin Kwatano da Lome da kuma Kano. A cikin irin wannan kaya ne kekuna masu ɓoyayyar waya suke isowa unguwannin Zango da Sabon Gari a Damagaram.

A runfar mai gyara ake gane bambancin. Canza wayar waje aikin 'yan mintoci ne: a kwance noti, a zare, a shafa giris, a zura sabuwa. Ta ciki kuwa, yaron shago da ya yi gaggawar fizge tsohuwar ya jawo wa maigidansa aiki. Sabuwar za ta shiga bututu ta riƙa karo da bango, ramin fita kuwa bai fi ƙwayar wake ba. Sai a jingine keke a juya shi, a lanƙwasa bakin tsohon sifok ya zama ƙugiya, a haska ramin da fitilar salula, ana lalube har kan wayar ya bayyana. Wasu sukan ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika su ja wayar ta bayan bututu, dabarar da ke ci a alminiyam amma ba ta ci a baƙin ƙarfe. Wanda ya san aikin ba ya zare tsohuwar waya sai ya ɗaura mata zare mai ƙarfi ko ya zura siririyar roba a kanta, yadda in ta fita za ta bar wa sabuwar hanya. Wani kuma, in haƙuri ya ƙare, sai ya bi da wayar ta waje, ya ɗaure da guntun tsohon tif, ya toshe ramin.

Ba a ce dabarar ba ta da amfani a nan ba. Rigar da ta tafi a rufe tun daga hannu har birki tana kare waya daga ƙurar hunturu, kuma kayan da aka ɗaura wa keke ba sa danne ta. Illarta ita ce ɓarna tana faruwa inda ido ba ya kai wa. Waya takan fara tsinkewa sili-sili ba a sani ba, ruwan damina ya shiga rami ya kwanta ya kawo tsatsa, rigar kuma ta riƙa bugun bututu a kan hanya mai gargada.

Shi ya sa har yau mai kai jarkokin ruwa unguwa-unguwa, da mai kawo itace daga ƙauye, suka fi natsuwa da birkin sanda, 'yan makaranta da matasa kuma suka fi son mai giya. Ga mai niyyar sayen na gwanjo, ya duba bakin ramukan ko robar da ke toshe su tana nan, ya matse birki ya ji ko yana komawa da kansa, ya ɗaga keken ya girgiza ya saurara. Sannan ya tambayi mai gyaran unguwarsu ko ya saba da irinsa, da nawa zai karɓa, tun kafin a gama ciniki.