Faya-fayan kakata da tarihin kwalliyar ɗaki a ƙasarmu

Ranar da aka raba gadon kakata, Allah ya jiƙanta, a ƙauyenmu da ke gefen Gulbin Kaba, an lissafa awaki, an lissafa tasoshi da kwanonin da ta jera shekara da shekaru, har da gadon ƙarfen da ƙafarsa guda ta karye. Da aka zo ga wani ƙunshin tsohon zane a ƙasan akwati, aka kwance, sai ga faya-fayai guda tara. Liman ya dubi magada, magada suka dubi juna, babu wanda ya ce a yi musu kuɗi. Gwaggota ce ta tura mini su ta ce, "Kai mushe, kai ke son tarkace, ɗauka."

Na kawo su Maraɗi na rataya uku a bango. Ɗiyata, wadda a lokacin take aji huɗu, ta tsaya tana kallonsu, ta tambaye ni a wace kasuwa aka sayo su. Na ce mata ba sayowa aka yi ba, kakata ce ta saƙa su da hannunta. Sai ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Wannan dariyar ce ta sa na zauna ina bin diddigin yadda kwalliyar gida ta fita daga hannun mutanen gida ta koma kanti.

Sunan kwarin namu ma ya isa shaida. Kaba ganyen goruba ne, kuma yawanta ne ya sa aka kira kwarin da ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi Gulbin Kaba. Da ita ake tabarma, da igiya, da faifai, da ragayar da ake rataye ƙwarya don kada kyanwa ko kiyashi su kai ga nono. Madawa ta yi suna da tabarminta har yau. Mace takan yanko ɗanyen ganye, ta shanya, ta tsaga shi siriri, sannan ta rina. Launin duk daga gona da daji yake fitowa: ja daga karan dafi, wata irin dawa da ake shukawa a gefen gona saboda jan kubenta kawai, ruwan ɗorawa kuma daga saiwar rawaya, itaciyar da ta ba launin sunansa. Galura, garin rinin da ake sayarwa a ƙulli, daga baya ta zo. Idan an gama rini sai a ɗauki ciyawa a yi mata ciki, a riƙa naɗe ta da kaba ana ɗinkewa da basilla, daga cibiya ana zagayawa har a kai baki.

Wanda bai taɓa gwadawa ba yana ganin abin sauƙi ne. Ba a zana fasalin faifai a takarda. Mai saƙa tana riƙe da shi a ka, tana ƙirga ɗinki. In za ta fitar da tauraro mai kai takwas, dole tun daga zagayen farko ta raba da'irar gida takwas daidai, kuma a kowane zagaye ta ƙara ɗinki gwargwadon faɗin da aka samu, in ba haka ba faifan ya karkace ko ya yi kumburi kamar malfa. Na auna ɗaya daga cikin na kakata da kwamfa irin wanda muke ba yara a aji. Kan tauraron takwas ɗin nan, tazarar da ke tsakaninsu ba ta saɓa da abin da ido zai gani ba. Matar ba ta taɓa zama a benci ba.

Kada in yi wa tarihi ƙari: ba komai ne ake yi a cikin gida ba ko a wancan zamanin. Ƙwarya dai ana shuka duma a bayan ɗaki ko a gona, a fafe, a wanke, amma zanenta mai kyau aikin gwanaye ne da ke zama a kasuwa da wuƙaƙensu, wasu suna kankarewa, wasu suna ƙonawa da ƙarfe mai zafi. In ta fashe kuma akwai gyartai mai ɗinkewa. Tulu da randa daga wurin maginan tukwane suke zuwa, kamar na Mirya kusa da Damagaram. Zanen da ke fuskar tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram aikin magina ne maza, masu sarkinsu da almajiransu. Abin da ke hannun matan gida shi ne faifai, da ragaya, da goge ƙwarya da alli har ta yi fari fat, da tsara kayan duka a ɗaki, wato jere.

Jere shi ne littafin tarihin mace. Tsofaffi sun ba ni labarin ɗakin amarya na da: ƙore jere bisa jere, masaki a ƙasa, ƙwarya a kansa, ƙoƙo a sama, kowanne da faifansa a rufe, ludaya a soke a jikin rufi. Wanda ya shiga ya san karatu zai iya cewa wannan faifan hannun gwaggon amarya ne, wancan na maƙwabciyar uwarta ne, waccan ƙwaryar daga dangin uba ta zo. Yawan kayan yana nuna yawan mutanen da uwar yarinya ta tara, da bikin da ta je wa wasu wanda yau ake rama mata. Wata masaniyar tarihi ƴar Amurka, Barbara Cooper, ta zauna da matan Maraɗi, ta fitar da littafi a 1997 kan aure a garin daga 1900 zuwa 1989, kuma kayan ɗaki na cikin abubuwan da ta bi ta ga yadda suka sauya. Mu da muka tashi a cikinsa ba mu ɗauke shi abin rubutawa ba sai da baƙuwa ta rubuta.

Abin da ya kawar da ƙwarya daga bango gyaɗa ce. Bayan ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari har aka tayar da shi zuwa tudu, cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suna sayen gyaɗa da kaka, kuma a kantunansu akwai atamfa, da fitila, da kwanon sha mai fenti. Bayan samun ƴancin kai gwamnati ta kafa SONARA a 1962 ta riƙe cinikin. Kuɗi suka shiga hannun manomi fiye da yadda ya saba gani, alhazan Maraɗi suka tashi, motoci suna kai da komo tsakaninmu da Katsina da Kano. Kwanon fenti, wanda da farko daga Turai da Hong Kong yake zuwa, aka fara ƙera shi a Najeriya, ya yi arha, ya cika kasuwanninmu. Cikin tsawon rayuwar mutum guda bangon amarya ya tashi daga fari ya koma ja da shuɗi da kore, furanni a jikin kowace kwalla.

Ina jin masu cewa uwayenmu sun yar da al'ada don kwaɗayin kayan Bature. Ban yarda ba. Matan nan lissafi suka yi, kuma lissafinsu daidai ne. Ƙwarya tana fashewa, gara tana cin faifai, kuma in yunwa ta zo ba mai sayensu da daraja. Kwano kuwa banki ne. Mace ba ta da asusu, ba ta da takardar gona, amma tana da jere, kuma nata ne ita kaɗai, miji ba ya taɓawa, in aure ya mutu da shi take fita. A farin 1973 da 1974, wanda ya karya noman gyaɗar ma, da na 1984, gidaje da dama da kwanon uwargida aka sayi hatsi. Kakata da bakinta ta gaya mini cewa saitin kwalla biyu ta sayar a 1984. Faya-fayanta kuwa ba ta ko kai su kasuwa ba, shi ya sa suka iso gare ni.

Sai dai sauyin ya zo da abin da ba a hango ba. Da, uwa takan fara tara kayan ɗiyarta da lokacinta da hannunta. Yanzu sai da kuɗi. Kalmar lefe ma ta ba da labarin: asalinsa kwando ne na kaba da ake zuba kayan da ango zai kai, yau kuwa akwatuna ne masu taya, ana ƙirga su a bainar jama'a. Gadon kara ya ba gadon ƙarfe wuri, shi kuma ya ba na fomika. Kwano ya sauka daga bango ya shiga armuwar mai gilashi, sai tangaran, sai kuloli da roba daga Sin da Dubai. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada, amma ba wanda ya koma ga duma. Bashi aka koma ci. Kuma kayan yanzu ba banki ba ne: wa zai sayi tsohuwar kula ko furen roba da rana ta kodar?

Kwalliyar salla ma haka ta bi. Ina tuna goman ƙarshe na azumi muna yara: a fitar da kaya tsakar gida, a shafe bango da farar ƙasa, a ja masa zobe da jar ƙasa a gindi, wasu matan su tsoma tafin hannu su buga a jikin ƙofa. In ɗaki sabo ne sai a yi gayyar daɓe, mata su jeru da madaɓai suna bugu suna waƙa, ana yayyafa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi santsi tana ƙyalli. Mu maza muna can muna huda gwangwanin tumatir muna yin fitila, ko muna haɗa mota da karan dawa. Ƴan mata suna yi wa ƴar tsanarsu kitso da tsumma. Siminti ya kashe daɓe, kuma ban ga laifinsa ba, daɓe wahala ce. Amma tare da shi waƙoƙin suka tafi.

A nan ne zancen ya iso kanmu, malamai da uwaye. Yarinya tana koyon faifai ne da hantsi da la'asar, a gefen kakarta, tana tsaga kaba tun kafin a ba ta basilla. Waɗannan sa'o'in ne lakkol ya karɓa, kuma ni ina cikin masu zuwa gida gida suna roƙon a saki ƴan mata su zo. Ba na nadama. Amma lakkol ya yi alkawarin mayar da wani abu: a jadawalinmu na firamare akwai darasin aikin hannu, wanda muke kira APP. Kowane malami ya san abin da ke faruwa da wannan sa'ar. Ko a cinye ta da lissafi saboda jarrabawa, ko a ce a je a share fili. In 18 ga Disamba ko 3 ga Agusta ta matso, a yanka takarda a rina ta ruwan lemo da fari da kore a rataya. A 2015, da bikin 18 ga Disamba ya zo garinmu da sunan Maraɗi Kwalliya, an yi tituna, an yi fenti, gari ya yi kyau. Ni dai abin da na sa yarana suka yi a aji sarƙar takarda ce, irin wadda mushen da ya koyar da ni ya koya daga nasa mushen.

Abin da ya fi ci mini rai nawa ne. Wata shekara na ce kowane yaro ya kawo aikin hannu zan ba da maki. Suka zo da tsintsiya, da mafici, da faya-fayai masu kyau ƙwarai. Na raba maki ina yabawa, alhali na sani sarai ranar kasuwa aka sayo su, wasu ma da ƴar igiyar da mai kaya ya ɗaure su. Yarinya guda ce ta kawo wani ɗan faifai karkatacce kamar kunnen zomo, rabinsa a kwance, kuma ita na ba maki mafi ƙanƙanta a layinta. Sai da na auna faifan kakata, shekaru bayan haka, na gane cewa a cikin ajin nan duka ita kaɗai ce ta riƙe basilla.

Sana'ar ba ta mutu ba, wuri ta sauya. A Yamai, gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, yana da rumfunan masu aikin hannu, akwai kuma kasuwar masu sana'a ta Wadata, akwai bajekolin SAFEM na aikin hannun mata. Amma can ana yi wa baƙo ne da mai neman tsaraba. Abin da ya fi burge ni shi ne na ƙauye: matan da kaba ta yi musu nisa ko tsada suna warware tsohon buhun shinkafa, su yi faifai da zarensa, ko su naɗe ciyawa da leda mai launi. Tauraron dai shi ne, ƙirgar ita ce.

Bara na roƙi darakta ya bar ni in gayyato wata dattijuwa daga unguwarmu ta riƙe mini sa'ar APP. Ta ce ba za ta zauna a kujera ba, aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bedi. Na sayo kaba ta jika guda da basilla goma. Da na fara bayanin yadda ake raba da'ira gida takwas, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, bari su soki yatsa tukuna." Mako na uku yara maza biyu suka daina jin kunya suka matso. Zuwa ƙarshen shekara muna da faya-fayai goma sha huɗu, mafi yawansu karkatattu, ɗaya kuwa mai zobe ja da baƙi wanda dattijuwar ta juya gaba da baya ta ce za a iya rufe fura da shi. Uban yarinyar da ta saƙa shi ya zo har lakkol washegari yana tambaya ko darasin zai fito a jarrabawar shiga koleji. Na ce masa a'a. Ya yi shiru, sannan ya ce uwarta ce ta aiko shi, tana son sanin inda nake sayen kabar.