Daga randa zuwa ruwan leda: tarihin tace ruwa a ƙasar Nok

Kudancin jihar Kaduna bai cika fama da ƙarancin ruwa irin na ƙasashen Katsina da Sakkwato ba. Damina a nan doguwa ce, ƙoramu suna gangarowa daga duwatsun Kagoro, ga kuma ruwan Matsirga da ke zubowa daga kan dutse kusa da Kafanchan. Abin da ya daɗe yana damun mutanen yankin shi ne tsabtar ruwan. Ƙoramar da take fes da rani takan koma ja-ja-wur da laka da zarar damina ta kankama.

Kayan aikin farko shi ne yumɓu, kuma a ƙasar nan tsohon abu ne ƙwarai. A ƙauyen Nok, cikin ƙasar Ham da ke ƙaramar hukumar Jaba, masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin gasasshen yumɓu a 1928, sannan masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya fito da sunan wurin a duniya cikin shekarun 1940. Binciken jami'ar Frankfurt da aka soma a 2005 ya kai farkon al'adar Nok zuwa kusan shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, wato ginin tukwane a yankin ya kai shekara 3,500. Randar da ke kusurwar ɗaki a yau jikar wannan sana'a ce. Aiki biyu take yi. Ruwan da ya kwana a cikinta laka takan sauka ƙasa, a ɗebi na sama da moɗa. Jikinta kuma yana tsattsafo, iska ta busar da danshin, ruwan ya yi sanyi ko a tsakiyar bazara.

Idan laka ta ƙi kwanciya sai a nemi alif a kasuwa. Ana kaɗa ɗan gutsurensa a cikin ruwa, ƙananan ɓurɓushin ƙasa su dunƙule su yi nauyi su nutse. 'Ya'yan zogale da aka daka ma suna yin haka, domin akwai sinadarin da ke kama laka a cikinsu, kuma an rubuta yadda matan ƙauyukan Sudan suke amfani da su wajen kwantar da ruwan kogin Nilu. Sai kuma tacewa da ƙyalle a bakin tulu. Duk waɗannan dabaru ido ne alƙalinsu: in ruwa ya yi garau, an ɗauka ya shawu. Nan ne raunin yake, domin ƙwayar kwalara da ta taifot ba sa sauya wa ruwa launi.

Turai ma ta jima cikin wannan duhu. Sai a 1854 likita John Snow ya danganta annobar kwalara a Landan da wani famfo na titin Broad, kuma a 1908 birnin Jersey City na Amurka ya fara zuba kulorin a ruwan gari a kai a kai. Kafanchan kuwa layin dogo ne ya raya ta. A 1927 ta zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya nufi Jos, jiragen ƙasa masu tururi suna shan ruwa mai yawa, ma'aikata kuma suka taru daga ko'ina cikin Nijeriya. Gari mai cunkoso ba ya dogara da ƙorama kaɗai, don haka rijiya da tanki da famfo suka samu gurbi, daga baya rijiyar burtsatse ta biyo.

Inda tsohuwar dabarar ƙyalle ta nuna darajarta shi ne yaƙi da kurkunu. Tsutsar tana shiga jiki ne ta wata 'yar mitsitsiyar halitta da ke yawo a ruwan kududdufi da tafki. Bayan kusan shekara guda sai ta ɓullo a ƙafa, sau da yawa daidai lokacin noma, ta kwantar da magidanci makonni. Ba ta da allurar rigakafi, ba ta da ƙwaya. Amma halittar da ke ɗauke da ita ta fi ramin ƙyalle mai ƙananan ido girma, saboda haka tacewa ta isa ta tare ta. Ƙidayar da aka yi a 1988 zuwa 1989 ta gano mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Da taimakon Cibiyar Carter, da zagayen da Janar Yakubu Gowon ya yi ƙauye-ƙauye, aka raba matatan ƙyalle, aka haƙa rijiyoyi, aka hana mai ciwon shiga tafki. Ta ƙarshe da ta kamu an same ta a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cutar ta ƙare a ƙasar. Nasara ce babba, kuma matan da ke tace ruwa kowace safiya su suka ɗauki nauyinta.

Cikin shekarun 1990 ruwan leda, wanda ake kira fiya wata, ya mamaye tasha da kasuwa, rabin lita a kowace leda, hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 tana ba shi lambar rajista. Masana'antun da ke yin aikin yadda ya kamata suna bi da ruwan ta cikin yashi da gawayi, wasu kuma su matsa shi da ƙarfin inji ta wata siririyar fata da ke barin ruwa ya wuce ta riƙe gishiri da ƙarfe da ƙwayoyin cuta. Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan suka ƙera irin wannan fata a jami'ar Kalifoniya ta Los Anjeles wajen 1960, don mai da ruwan teku na sha. 

Madatsar Gurara da ke kudancin Kaduna tana tura ruwa ta bututu zuwa Abuja, a tace shi a madatsar Usuma. A ƙauyuka da dama na ƙasar Nok kuwa, har yanzu rijiya da ƙorama ake ɗiba, a sa alif in laka ta yi yawa, a tafasa na jarirai da marasa lafiya.