Laima da Kayan Kiɗa a Ƙasar Djougou

A ƙarni na 19, ayarin fataken goro da ke tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Gonja kan yada zango a Djougou. Makaɗan zango sun daɗe da sanin halin yanayin wannan yanki. Da damina fatar ganga kan saki, muryarta ta dushe, sai a shanya ta a rana ko a kara ta kusa da wuta. Da hunturu kuwa ta ɗaure har ta nemi tsagewa.

Piyano, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙera a Italiya wajen shekarar 1700, matsalarsa ta fi haka. Allon katakon da ke cikinsa yana shan laima ya kumbura, ya ƙara jan wayoyi fiye da 200, sauti ya haura. Iska ta bushe, allon ya tsuke, sauti ya faɗi, wani lokaci katakon ya tsage.

Shi ya sa piyanon da Albert Schweitzer ya kai Lambaréné ta Gabon a 1913 aka lulluɓe cikinsa da tutiya saboda danshi da gara. Daga baya kamfanin Dampp-Chaser na Amurka ya fito da na'urar da ake sawa a cikin piyano, mai sandar ɗumama da tankin ruwa, tana riƙe laima kusan kashi 45 cikin ɗari.

Sai dai na'urar tana buƙatar lantarki dare da rana. Mai piyano a Djougou da wutarsa ke ɗaukewa, gara ya nisanta shi daga taga da hasken rana.