Aminu Waziri Tambuwal

Aminu Waziri Tambuwal lauya ne kuma ɗan siyasa, an haife shi ranar 10 ga Janairu, 1966 a garin Tambuwal, kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, kusa da Aliero. Ya kammala karatun shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1991, ya zama cikakken lauya a 1992.

A 2003 mutanen Kebbe da Tambuwal suka tura shi Majalisar Wakilai a jam'iyyar ANPP, daga baya ya koma PDP. Abin da aka fi tuna shi da shi ya faru ne a Yunin 2011. Uwar jam'iyya ta ware kujerar Kakakin Majalisa ga yankin Kudu maso Yamma, ta tsayar da Mulikat Akande-Adeola, amma 'yan majalisa suka yi kunnen uwar shegu, suka zaɓi Tambuwal da ƙuri'u 252, ita kuwa 90. Ba ƙaramin abu ba ne majalisa ta nuna wa fadar shugaban ƙasa cewa tana da ra'ayin kanta.

Da ya shiga APC a Oktoban 2014, an janye masa 'yan sandan tsaro. Ranar 20 ga Nuwamba aka rufe masa ƙofar majalisa, har wasu wakilai suka haura ta sama.

Ya yi gwamnan Sakkwato daga 2015 zuwa 2023, sannan ya zama sanatan Sakkwato ta Kudu.